Gangar da Ba Ta Jin Bugun Hankali: Yadda Ake Ƙara wa Gangar Wasan Bidiyo Kaifin Ji

A ƙarshen watan Oktoban 2008 kamfanin Activision ya fito da wasan Guitar Hero World Tour a Amurka, kuma shi ne karon farko da aka sanya ganga a jerin wasannin nan da aka sani da jita. Ba gangar fata da itace ba ce. Fuskoki uku ne na roba, da faranti biyu a sama masu kwaikwayon farantan tagulla na 'yan badujala, sai feda ɗaya da ake takawa da ƙafa. Waƙa na tafiya, alamomi masu launi na gangarowa a fuskar talabijin, mai wasa kuma ya bugi wurin da launinsa ya zo a daidai lokacin da alamar ta iso layi. Ba a jima da fara sayarwa ba koke ya yi yawa. Mutum zai buga a kan lokaci, kunnensa ya ji ƙarar sanda a kan roba, amma wasan ya ce bai buga ba. Wasu sai sun maka wa farantin sanda da iya ƙarfinsu kafin ya amsa. Kamfanin ya amince cewa wasu daga cikin gangunan da aka fara ƙerawa suna da wannan matsala, ya fitar da wata manhaja ta kwamfuta da ake daidaita jin kowace fuska da ita, ya kuma riƙa aika wa masu buƙata wayar da ke haɗa kafar MIDI ta gangar da kafar USB.

Wancan wasa ya samu magani daga masu shi. Sauran ganguna da yawa ba su samu ba, waɗanda suka samu ɗin ma tsufa ya cim musu. Activision ya dakatar da Guitar Hero a 2011, da ya dawo da shi a 2015 kuwa babu ganga a ciki. Kamfanin Mad Catz, wanda ya ƙera kayan kiɗan wasan Rock Band 4 na farko, ya durƙushe a 2017. Amma masu wasan ba su watse ba. Da yawa sun koma wasannin kwamfuta na kyauta irin su Clone Hero, suna buga sababbin waƙoƙi da tsofaffin ganguna da aka ƙera shekaru goma sha da suka wuce. Duk wanda gangarsa ta kurumce yau, ko ya nemi wata a kayan gwanjo, wadda ita ma shekarunta ɗaya da tasa, ko ya kwance sukurori ya leƙa ciki. A nan ne maganar ƙaramar amfilifaya ta shigo.

Abin da ke ƙarƙashin robar ba shi da wani kwarjini. Faifai ne na jan ƙarfe mai faɗin kwabo, galibi milimita 27 ko 35, an manna masa farin tangaran siriri a tsakiya, wayoyi biyu na fita daga jikinsa. Sunansa fiyezo. Duk wanda ya taɓa fasa agogon hannu mai ƙararrawa ko katin gaisuwa mai kiɗa ya gan shi, kuma ɗan'uwansa ne ke ba da tartsatsi a laitar da ake dannawa. A 1880 ne 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka nuna a Faris cewa akwai duwatsu irin su kwaz waɗanda idan aka matse su sai lantarki ya bayyana a gefunansu. Lokacin yaƙin duniya na farko Paul Langevin ya yi amfani da wannan ɗabi'a wajen neman jiragen ƙarƙashin teku da sauti. Tangaran ɗin da ake shafa wa faifan yanzu, wanda ake kira PZT, a farkon shekarun 1950 aka gano shi a Japan, kuma ya fi kwaz bayar da lantarki nesa ba kusa ba. Da shi gangunan lantarki na mawaƙan gaske suke ji, da shi kuma na wasa suke ji. Bambancin yana wurin roba da soso da kuma kulawar da aka yi wa siginar bayan ta fito.

Idan sanda ta sauka, roba ta girgiza, faifan ya ɗan lanƙwasa, sai ya tofo lantarki na ɗan lokacin da bai wuce kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa ba. Ba ya fitowa a miƙe. Yakan yi tsalle sama, ya faɗo ƙasa da sifiri, ya sake tashi kaɗan, yana raguwa har ya mutu. Ƙaramar kwamfutar da ke kan fanel ɗin gangar tana zaune tana jiran wannan tsalle. An gindaya mata iyaka: abin da ya haura iyakar bugu ne, abin da bai kai ba hayaniya ce. A gangunan da ke auna ƙarfin bugu, irin na World Tour da na Rock Band 2 da suka fito a shekara ɗaya, tana kuma duba tsawon tsallen ta mayar da shi lamba. A tsarin MIDI lambar ba ta wuce 127.

To, ina laifin a ce wa mai wasa ya ƙara ƙarfi kawai? Laifin a lissafi yake. Ɗauki waƙa mai gudun bugu 180 a minti ɗaya, inda aka raba kowane bugu gida huɗu. Sanda za ta sauka sau 12 a daƙiƙa guda, tsakanin bugu da bugu kashi 83 cikin dubu na daƙiƙa. Babu damtsen da zai ɗaga sanda sama ya sauke ta da ƙarfi a wannan ɗan tsakani. Makaɗi na gaske da wuyan hannu da yatsu yake yin irin wannan gudu, yana barin sandar ta yi tsalle da kanta, kuma bugun da ke fitowa mai sauƙi ne. Gangar da ba ta jin bugu mai sauƙi tana hukunta mai wasa daidai lokacin da ya fara iyawa. Tana koya wa yaro duka a maimakon kiɗa, tana gajiyar da wuyan hannu, tana kuma kashe kanta, domin dukan nan ne ke tsaga faranti ya ɓalle waya. Wannan ne ya sa nake ganin gyaran ya cancanci zama da ƙarfen dalma na yamma guda, ko da wani zai ce ai abin wasa ne.

Sai dai ba a fara wa da amfilifaya. Mafi yawan gangunan da suka kurumce ba ƙarancin lantarki ke damunsu ba, girgizar ce ba ta isa wurin faifan. Gam ya bushe faifan ya saki jiki, ko soson da ke danne shi ya lotsa, ko dalmar da ke riƙe waya a kan tangaran ta tsage tana taɓawa tana saki. A ɗakin da ke ɗaukar zafi irin na watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai, gam mai fuska biyu ba ya daɗewa. A duba tangaran ɗin da kyau a haske: in akwai tsaga ko siririya ce, a canza faifan, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wajen manna waya a kan sabon faifai a yi sauri, don zafi mai yawa yana ɗaye farin shafen azurfar da ke samansa. Haka kuma a tabbata ba talabijin ce ke jinkirta hoto ba, domin wasannin nan duk suna da wurin daidaita jinkiri, kuma mai jinkirin hoto zai rantse gangarsa ce ba ta ji. Tun zamanin Rock Band na farko, wanda Harmonix ya fitar a Nuwamban 2007, masu wasa suke ɗaure fuskokin da safa da tef suna neman sauƙi. Dabarun nan ba shirme ba ne, duk ƙoƙari ne na sa girgiza ta bi hanyar da ta dace. Sai an gama da wannan, faifai lafiyayye, gam sabo, waya a manne, amma har yanzu bugun hankali na ɓacewa, sannan a ɗauko amfilifaya.

Inda lantarkin ke zurarewa

Akwai abin da ke rikita masu fara wannan aiki. Idan aka ɗora faifan fiyezo a kan na'urar duba sigina aka ƙwanƙwasa shi da kyau, yana iya nuna volt goma, ashirin, har fiye. Fanel ɗin gangar kuwa da volt uku zuwa biyar yake aiki. Me za a ƙara wa abin da ya riga ya fi ƙarfin mai karɓarsa?

Amsar ita ce faifan yana da tsawon volt amma ba shi da yawan caji. A idon lantarki, shi ɗan ƙaramin kafasito ne, na milimita 27 bai wuce nanofarad 20 ba. Abin da bugu ɗaya ke tarawa a cikinsa tamkar cokali ɗaya ne na ruwa da aka zuba a ƙwarya mai huda: in hudar ƙarama ce za ka ga ruwan ya taru kafin ya tsiyaye, in babba ce kafin ka duba ƙwarya ta bushe. Hudar ita ce rizisto ɗin da aka gitta tsakanin wayoyin faifan. Lissafinsa mai sauƙi ne, a ninka rizisto da kafasito a samu tsawon lokacin tsiyayewa. Da rizisto mai kilo-ohm 10, cajin zai zube cikin kashi ɗaya cikin dubu biyar na daƙiƙa, tun faifan bai gama lanƙwasawa ba. Da mai mega-ohm ɗaya kuwa zai ɗauki kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa, wato ninki ɗari. Bugu mai ƙarfi yana da kaifi, yana tashi da sauri ya haura iyaka kafin ya zube. Bugu mai sauƙi a kan roba mai kauri a hankali yake tashi, shi ya sa shi ne ke fara ɓacewa.

Daga nan za a gane cewa aikin farko na amfilifayar ba ninkawa ba ne. Aikinta ta tsaya tsakanin faifan da fanel, ta karɓi siginar ba tare da ta zuƙe ta ba, sannan ta maimaita ta da ƙarfin batir a ɗaya gefen. Akwai gangunan da wannan kaɗai ke warkar da su, ba tare da an ninka komai ba. Wanda bai fahimci haka ba shi ne ke tafiya neman ninki ashirin ko hamsin, ya dawo yana cewa da'irar ba ta da kyau.

Da'irar kanta

Kayan ba su da yawa: ai-si ɗaya mai ƙafa takwas irin wanda ake kira of-am, rizisto huɗu, boliyom ɗaya na murɗawa, dayod biyu, kafasito biyu. Of-am yana da ƙofofin shiga biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, da ƙofar fita ɗaya, kuma ɗabi'arsa guda ce: zai yi ta ɗaga ko sauke abin da yake fitarwa har sai ƙofofin shigar nan biyu sun daidaita. Duk dabarar a kan wannan ɗabi'a aka gina ta.

A ai-si mai of-am biyu a ciki, ƙafa ta 8 ce ke karɓar fozitif, ta 4 nagetif. A gitta kafasito mai lamba 104 a jikinsa, wato nanofarad 100, tsakanin ƙafafun nan biyu, a matso da shi kusa da ai-si ɗin iyakar iyawa. Wayar da ta fito daga jan ƙarfen faifan ta tafi layin nagetif. Tsakanin wayoyin faifan biyu a sa rizisto mai mega-ohm ɗaya. Wayar da ta fito daga tangaran kuma kada ta shiga ai-si kai tsaye, ta bi ta cikin rizisto mai kilo-ohm 47 sannan ta isa ƙafa ta 3. A wannan ƙafa ta 3 ne ake kafa masu gadi, dayod biyu: ɗaya daga ƙafar zuwa fozitif, zobensa na kallon fozitif, ɗayan daga nagetif zuwa ƙafar, zobensa na kallon ƙafar. Ranar da wani ya zuba wa gangar duka faifan ya tofo volt 30, rizisto ɗin nan zai rage abin da ke wucewa zuwa ƙasa da miliamfiya ɗaya, dayod ɗin kuma su karkatar da shi. Masu gaggawa sukan tsallake wannan sashe, da'irar ta yi aiki mako biyu, sannan ta mutu ba sallama.

Saura ninki. Daga ƙafa ta 2 a sauke rizisto mai kilo-ohm 10 zuwa nagetif. Tsakanin ƙafa ta 1, wadda ita ce mafita, da ƙafa ta 2 a sa boliyom mai kilo-ohm 50. Ninkin da za a samu shi ne a raba ƙimar boliyom da ƙimar rizisto na ƙasa a ƙara ɗaya. In an murɗe boliyom zuwa sifiri, ninki ɗaya ne, abin da ya shiga shi ke fita. In yana kan 10, ninki biyu. In an kai shi ƙarshe, ninki shida. Da gangan na tsaya a shida. Gangar da ninki shida bai ishe ta ba, ba amfilifaya take nema ba, a koma a duba gam da faifai. A gitta ƙaramin kafasito mai lamba 102 a kan boliyom ɗin don ya danne ƙarar da ta haura zagaye dubu uku a daƙiƙa idan an buɗe ninkin sosai, domin can sama babu bugu, sai ƙarar roba da tsinkayen waya. Daga ƙafa ta 1 sigina ta bi ta rizisto mai kilo-ohm ɗaya ta shiga inda wayar faifan take shiga a da. Rabin ai-si ɗin da ba a yi amfani da shi ba kada a bar shi a sake: a haɗa ƙafa ta 6 da ta 7, a kai ta 5 nagetif. In fuska biyu ke ciwo, to rabin nan ya samu aiki.

Abu biyu ake aunawa da mita kafin a kunna. Na farko, a auna wurin shigar siginar a kan fanel gangar tana kunne ba a taɓa ta ba. In sifiri ne, madalla. In akwai wani volt da ke zaune a wurin, fanel ɗin yana da nasa tsari na ɗaga sigina, sai a raba su da kafasito a kan hanyar fita don kada amfilifaya ta janye shi ƙasa. Na biyu, a ɗebi wuta daga bayan makunnin gangar, ba daga bakin batir ba, in ba haka ba da'irar za ta kwana tana shan batir.

Akwai kuma wani ɗan sirri da ke ɓata wa mutane rana. Da'irar nan da wuta mai gefe ɗaya take aiki, saboda haka rabin siginar da ya tashi sama kaɗai take wucewa da shi, rabin da ya faɗa ƙasa da sifiri ta yanke. Ko tsallen farko na faifan sama zai yi ko ƙasa, ya danganta da fuskar da aka manna da kuma yadda aka ɗaura wayoyi. In aka yi rashin sa'a tsallen farko, wanda shi ne mafi girma, ya yi ƙasa, amfilifaya za ta jefar da shi ta kama na biyu, wanda ya fi rauni kuma ya makara. Maganin bai wuce a musanya wayoyin faifan biyu a gwada ba. Wannan ɗan musanye yakan yi abin da murɗa boliyom har ƙarshe bai yi ba.

Wane ai-si za a saya? Duk mai gyaran rediyo ko inbata a Sabon Garin Kano zai miƙo maka LM358 ko yayansa LM324 mai of-am huɗu, domin su ne cike da sitabilaiza da caja, kuma tun shekarun 1970 ake ƙera su. Suna da kirki, suna da araha, suna karɓar sigina har ƙasa daf da sifiri. Amma LM358 yana da aibi biyu a wannan aiki. Mafitarsa ba ta iya kaiwa saman wutar da aka ba shi, takan tsaya wajen volt ɗaya da rabi ƙasa da ita. A ganga mai waya da ke shan volt biyar daga USB wannan ba komai ba ne, akwai sauran volt uku da rabi na wasa. A ganga marar waya mai batir AA biyu kuwa, volt uku ne gaba ɗaya, rabi ya tafi, kuma da batir ya fara sanyi ai-si ɗin ya fita daga iyakar da aka ƙera shi ya yi aiki. Aibi na biyu ya fi ɓoyuwa: ƙofar shigarsa tana fitar da ɗan lantarki na nano-amfiya gommai, wanda idan ya bi ta rizisto mai mega-ohm ɗaya sai ya zama milivolt gommai, a ninka shi sau biyar, sai ka tarar mafita ta ɗaga tun ba a buga komai ba. Don haka ga mai batir na fi son MCP6002. Ƙafafunsa daidai suke da na LM358, yana aiki tun daga volt 1.8, mafitarsa na kaiwa kusan bakin wutar sama da ƙasa, kowane rabi nasa wajen mikro-amfiya 100 kawai yake sha, ƙofarsa kuma kusan ba ta fitar da komai. Sai dai kada a ba shi fiye da volt shida.

Dayod ma akwai zaɓi. Da MCP6002, ɗan jan gilashin nan 1N4148 da ke ko'ina ya wadatar. LM358 ba ya son ƙofarsa ta sauka ƙasa da sifiri fiye da kashi uku bisa goma na volt, don haka shi sai ƙaramin dayod irin BAT85 mai saurin buɗewa. Kada a ɗauko manyan nan na caja irin 1N5817. Suna yoyo ta baya, yoyon kuma ƙaruwa yake da zafi, a da'irar da ke da rizisto mai mega-ohm ɗaya kuwa ɗan yoyo kaɗan ya isa ya sa gangar da aka daidaita da safe ta sauya hali da azahar.

Farashin kaifin ji

Amfilifaya ba ta san bugu ba, girgiza ta sani. Fuskokin gangar duk a kan firam ɗaya na roba da bututu suke zaune, saboda haka idan aka bugi shuɗiya, ja ma tana jin wani abu ta ƙarƙashi. Injiniyoyin da suka gindaya iyakar nan da muke kuka da ita ba mugunta suka yi ba, wannan girgizar maƙwabta suke gudu. Ka ninka siginar ja sau biyar, ka ninka abin da take tsinta daga shuɗiya sau biyar. A wasan kuwa bugun da ba a nema ba laifi ne daidai da bugun da aka rasa, duka biyun suna katse jerin maki. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Matsala ta biyu ita ce bugu ɗaya ya zama biyu. An ce siginar faifai tana tashi ta faɗi ta sake tashi. Fanel yakan rufe kunne na ɗan lokaci bayan kowane bugu don kada ya ƙirga wutsiyar. Idan ninki ya yi yawa, wutsiyar tana nan sama da iyaka har bayan ya buɗe kunnen, sai ya rubuta bugu na biyu da babu wanda ya yi. A nan rizisto mai mega-ohm ɗaya yana iya zama shi ne mai laifi, tunda yana tsawaita jelar. A sauke shi zuwa kilo-ohm 470 ko 220 a ga bambanci. Ɗan soso a ƙarƙashin fuskar ma yana kashe girgizar da wuri, kuma sau da yawa ya fi kowane canjin rizisto amfani.

Ta uku ta shafi gangunan da ke auna ƙarfi. Idan bugun tsaka-tsaki ya riga ya kai mafitar amfilifaya ƙarshenta, mai ƙarfi ba shi da inda zai ƙara hawa. Komai sai ya fito 127. An samu ji, an rasa bambanci tsakanin sauƙi da ƙarfi, wanda shi ne abin da ya sa aka ƙera gangar da awo tun farko. Ni a wurina wannan hasara ce babba, ko da maki a talabijin sun ƙaru.

Masu wasan Taiko no Tatsujin, wanda Namco ya fara sakawa a gidajen wasa na Japan a 2001, sun san wannan ciwo fiye da kowa. Gangarsu ɗaya ce amma gida huɗu take ji: tsakiya hagu da dama, baki hagu da dama, duka a jiki guda. Masu ƙera tasu a gida sukan yanka katako gida huɗu, su raba su da roba, su manna wa kowane yanki faifansa, su kai wayoyin ga ƙaramin allon Arduino. Da yake su ke rubuta manhajar, ba su dogara ga iyaka kaɗai ba. Sukan sa allon ya kwatanta faifan huɗu a lokaci guda ya ba wanda ya fi tsalle bugun, sauran ya yi watsi da su. Allon Arduino Uno yana raba volt biyar gida 1024, don haka yana ganin ƙananan bugun da fanel ɗin wasa zai ƙi. Wanda ya gaji da lallashin tsohon fanel yana iya bin wannan hanya ya cire shi gaba ɗaya, musamman in a kwamfuta yake wasa. Amma ko a nan, gaban da'irar bai canza ba: rizisto na tsiyayewa, rizisto na kariya, dayod biyu. Wanda kuma yake son gangarsa ta ci gaba da magana da Xbox 360 ko PlayStation 3 ko Wii, dole ya riƙe fanel na asali, amfilifayar ce hanyarsa.

Daidaitawa aikin haƙuri ne, kuma ya fi daɗi da mutum biyu, ɗaya na bugu ɗaya na murɗawa. A fara haɗa komai a allon gwaji mai ramuka kafin a narka dalma. A shiga sashen koyo na wasan, inda kowane bugu ke bayyana. Boliyom na kan sifiri, a riƙa sakin sanda daga tsawon yatsu huɗu ta faɗo da nauyinta kawai, a tsakiya da kuma gefe, domin gefen da ya fi nisa da faifai shi ne ya fi kurumta. A riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan har kowace faɗuwa ta bayyana, a tsaya nan. Sannan a bar wannan fuska a koma kan maƙwabtanta a buge su da ƙarfin da ake bugu in waƙa ta yi zafi, a taka feda, a ga ko wadda aka gyara za ta amsa kiran da ba nata ba. In ta amsa, a rage. In an rage har bugun sauƙi ya sake ɓacewa, babu wurin tsayawa a tsakani, to matsalar ta koma ta firam: a ɗaure sukurori, a sa roba tsakanin fuskar da mazauninta, a ɗora ƙafafun gangar a kan darduma. Akasari wurin da ake nema yana tsakanin ninki biyu da uku.

In an samu wurin, a cire boliyom a auna shi da mita, a maye gurbinsa da rizisto mai ƙima mafi kusa, domin boliyom da ke cikin abin da ake duka kullum ba ya zama inda aka bar shi. A gajarta wayar da ke tsakanin faifai da ai-si, a murɗe biyun tare ko a yi amfani da waya mai sulke irin ta makirfo, tunda wannan gefen ne ke tsintar hayaniyar wutar gida. A naɗe ƙaramin fanel ɗin amfilifayar da soso, a ɗaure wayoyinsa a jikin firam yadda nauyinsu ba zai riƙa jan dalma ba. Kafin a mayar da sukurori na ƙarshe a sa tsofaffin batura da suka yi rabi a sake buga waƙa mai gudu daga farko har ƙarshe, domin da irin waɗannan batura gangar za ta yi mafi yawan aikinta.